Idon Yaya na Hagu

Shekara huɗu Yaya ya ba ni, kuma tun da na yi wayo ban san shi yana ganin abin da ke hagunsa da kyau ba. Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Mayahi, tafiyar hantsi a ƙafa zuwa kasuwar Kanan-Bakashe. Inna ta ce yana ɗan shekara bakwai wani zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara. Ya tashi, amma damina ba ta fita ba ya fara faɗuwa. Farfaɗiya ce, sai dai a gidanmu ba a kiran sunanta, sai a ce abin nan nasa.

Shi yakan san tana tafe. Sai ya ce ga 'yan ƙawanyoyin nan sun taso, ja da kore, suna yawo ta hagu. Nan da nan ya nemi wuri nesa da murhu ya kwanta. In ta sake shi, yakan ɗauki kamar tsawon dahuwar tuwo ba ya ganin komai. Daga nan gani ya fara dawowa ta dama, hagu kuwa ya yi ta jan ƙafa. Kowace shekara hagun yana ƙara daɗewa bai dawo ba, har aka wayi gari ya daina dawowa. In an sa masa tuwo, sai ya cinye rabin da ke dama ya ce ya ƙare. Inna ta juya masa akushin, shi kuma ya yi dariya ya ce ashe akwai saura. Kafaɗarsa ta hagu ta san kowace ƙofar ɗaki a garin nan. Baba ya yanke hukunci tun tuni cewa yanar ido ce ta rufe na hagu, mu duka muka yarda, don me zai hana mutum ganin hagu in ba idon hagu ba?

Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, ba don ana ganin ina da ƙwaƙwalwa ba. Mai gari aka ce ya kawo yara, Baba ya duba ya ga ni ne wanda gona ba za ta yi kewarsa ba. Na fito malamin makaranta a shekarun farin nan na farko, daidai lokacin da sojoji suka karɓi mulki, aka tura ni wani ƙauye kusa da Hawandawaki, a ƙasar Tasawa. Tun daga ranar Yaya bai sake kiran sunana ba, sai Mushe, wato malam a bakin masu faransanci, kamar yadda 'yan lakwal suke kirana, kuma in ya faɗa yakan ja shi yadda zan san tsiya yake yi mini.

Abu ɗaya mai amfani da bokon ya yi wa gidanmu shi ne wata 'yar farar ƙwaya. Majo, wato babban ma'aikacin gidan likita na Mayahi, shi ya ba ni ita, gardinal, ya ce ɗaya kullum, ba fashi. Faɗuwar da take zuwa kusan kowane mako ta koma sau biyu a shekara, daga baya ta yi shekara uku ba ta leƙo ba. Kowane wata nakan hau ɗan babur ɗina, mobilet, in je in karɓo, in kai gida, in koma. Wanda bai taɓa tura mobilet cikin rairayin da ke tsakanin Tasawa da Mayahi ba, bai san gajiya ba. Wani watan in je a ce ba a kawo ba, sai na wuce Maraɗi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma akwai ranakun da na zauna ƙarƙashin gawo a hanya ina jin haushin Yaya, ina jin haushin kaina don na ji haushinsa.

A gida aka ce ya warke. Ya yi aure, Baba ya yanka masa gamana, wato 'yar gonarsa ta kansa, kuma ya bar masa sungumi a gandu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar shuka, mai sungumi ne a gaba, yana tafiya yana saran rami kowane taku, masu iri suna binsa suna zubawa suna rufewa da diddige. Inda ya bi, nan gonar za ta bi. Layukan Yaya sukan ɗan karkata, amma ya san dabararsa. Jerin gamba da aka dasa a iyakar gonarmu shi ne ma'auninsa, yakan juya wuya ya dube shi kowane taku goma. Saura abu ɗaya, in ji Baba, a nemi maganin idon. An sa kwalli kala-kala, an sa ruwan rubutu, an ɗiga nonon mai jego. Ido yana nan fes, baƙinsa baƙi, farinsa fari, hagu kuwa babu.

Wani babban hutu na ce bari in kai shi Yamai. Kwana biyu muka yi a hanya. Kowane shingen jandarma sai an sauke mu a rana, a jera mu, a duba takardu. A wani shingen wani jandarma ya miƙo wa Yaya hannu ta hagu yana jiran takarda, Yaya yana tsaye yana kallon gabansa. Mutumin ya ɗauka raini ne, ya daka masa tsawa. Sai da na yi ta zuba faransanci ina ba da haƙuri kafin ya bar mu.

A babban asibiti likitan ido ya haska, ya leƙa, ya ce idanun nan biyu lafiyarsu lau, ya tura mu wurin wani likitan. Shi wannan bai taɓa ko fitila ba. Ya zaunar da Yaya a gabansa, ya ce ya rufe idon hagu da tafin hannu ya kalli hancin shi likitan. Ya kawo yatsa a hankali ta dama, Yaya ya gan shi tun daga nesa. Ya kawo ta hagu, Yaya bai gan shi ba sai da ya zo daidai hanci. Ya ce to a rufe na dama. Abin da ya faru ɗazu shi ya sake faruwa, ba ragi ba ƙari. Idon da muka shekara ashirin muna cewa ya mutu yana gani daidai da ɗan'uwansa, kuma wanda muke cewa mai kyau shi ma ba ya ganin hagu. Na ji kunya ta rufe ni, don wannan gwajin ko a zauren gidanmu da an yi shi.

Kashegari aka kai shi wani ɗaki, aka shafa masa wani abu mai danƙo a ka, aka manna wayoyi birjik. Wata na'ura tana gefe da jerin alƙalumma suna ta karce doguwar takarda mai ninki. A ce ya rufe ido, a ce ya buɗe, a ce ya yi ta jan numfashi, a kunna masa fitila mai ƙyaftawa. Da aka gama ya ga tulin takardar, sai ya ce, "Mushe, ka gani? Kaina ya rubuta abin da kai ba ka rubuta ba tun da anka kai ka lakwal."

Likitan ya buɗe takardar ya yi mini bayani da faransanci. Yawancin layukan suna tafiya da 'yan ƙananan tudu da kwari. Waɗanda suka fito daga ƙeya, ɓangaren dama, su kuwa sai su yi tafiya kaɗan su yi tsini, su yi wani lanƙwasa mai nauyi, su sake yin tsini. Ya ce a ƙeya gani yake sauka, kuma damar ƙeya ita ke karɓar hagun idanu duka biyu. Nan ne zazzaɓin ya bar tabo, nan ne faɗuwar take tasowa. Na ce ai shekara uku ke nan bai faɗi ba. Ya ce ƙwayar ta danne faɗuwar ne kawai, wurin bai kwanta ba, ga shi muna gani yana zaune lafiya amma layin yana tsalle. Ya daɗe a haka, kuma da wuya ya canza. Na tambayi ganin. Ya ce abin da ya tafi ya tafi. Kada ya bar ƙwaya, ya riƙa juya wuya, kuma kada a bari kowa ya taɓa masa ido.

Na fassara wa Yaya duka a bakin asibiti. Da na gama, ya ce, "Ga abin da nike so da kai. In munka koma gida, kak ka ce musu cikin kaina ne. Abin nan ya ishe ni suna. In sunka ji kai, gobe a ce taɓaɓɓe ne, iyayen matata su zo su ɗauke ɗiyarsu."

Na yi masa alkawari. Da muka iso, Baba ya tambaya, na ce sun ce babu magani. Baba ya ce to, nasara ba su da shi, Allah ya sa wani yana da shi. Na ji maganar, na san inda za ta kai mu, na yi shiru don na gaji.

Sai fari na biyu ya zo, wanda ya fi na farko muni a wajenmu. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Rabin garin suka tsallaka Najeriya. Dabbobi suka cinye gambar iyaka har saiwa, rairayi ya binne sauran. Da damina ta gaba ta kawo kai, irin da muke da shi 'yan tiyoyi ne da hukuma ta raba, Inna ta ɓoye su cikin tulu ta liƙe bakinsa da laka don kada yunwa ta sa a daka. Ba na nan ranar da ruwan shuka ya sauka, matar Yaya ce ta ba ni labari. Su biyu ne kawai a gandu, Baba yana fama da ƙafa. Yaya yana gaba yana sara, ita tana baya kanta a sunkuye tana lissafin ƙwayar da za ta jefa kowane rami. Gambar da yake dubawa babu ita. Alamar da ta rage wani kututturen kalgo ne, shi kuma ya faɗo ta hagunsa. Ya wuce shi bai sani ba. Kafin azahar sun shuka kusan kashi ɗaya cikin uku na irinmu a gonar maƙwabci.

Maƙwabcin mutumin kirki ne, ya ce in Allah ya kai mu kaka a raba. Amma gari ya ji, kuma mutanen da suka shekara ba su yi dariya ba sun samu abin yi. Baba ya ɗingiso har gona, ya karɓe sungumin daga hannun Yaya a gaban matarsa, ya ƙarasa sauran da kansa. Bai zage shi ba. Da ya zage shi da ya fi sauƙi.

Ba a yi wata ba saƙo ya iske ni a lakwal: wani mai cire yanar ido ya sauka a kasuwar Kanan-Bakashe, Baba zai kai Yaya kasuwa mai zuwa. Na san irin aikinsu. Sukan soka wani siririn ƙarfe ta gefen ido su tura yanar ta faɗa ciki. Tsohon da yana ta rufe wa ido da gaske wani lokaci yakan ga haske nan take, shi ya sa ake yabonsu, waɗanda idon ya ruɓe daga baya kuwa ba sa zuwa kasuwa su ba da labari. Na bar yara da darakta na hau mobilet.

Na shimfiɗa takardar Yamai a kan tabarma gaban Baba, na yi ta nuna masa tsinin layuka. Ya duba ya ce shi dai sawun tururuwa yake gani. Ya ce, "In ƙahwa ta yi ciwo, ƙahwa a ka ɗaurewa. Mi ya kawo takarda cikin zancen ido?" Raina ya ɓaci, na karya alkawarin. A gaban Inna da matar Yaya na ce ciwon ba a ido yake ba, cikin kansa yake, a ƙeya, kuma ba ya warkewa. Na sa Yaya ya rufe idon hagu, na kawo yatsa kamar yadda likita ya yi. Na sa ya rufe na dama, na sake. Ya yi duk abin da na ce, fuskarsa kamar an ɗaure ta. Baba ya sa aka maimaita har sau uku, da yatsansa. Daga nan ya jingina da bango ya ce, "To, a bar shi." Na koma bakin aikina ina jin na yi nasara. Yaya bai raka ni ko bakin zaure ba.

Ranar kasuwa ya kama bunsurunsa, ya ce da matarsa ta taso, suka tafi ba da sanin Baba ba. Mai cire yanar ya duba idon hagu ya ce yana ce mai kama da ruwa, irin wadda ba kowa ke ganinta ba. Ya karɓi bunsurun ya yi aikinsa.

Na iske shi bayan kwana biyar, ido ɗaure da tsumma, ya kumbura har kunci. Na kai shi Mayahi, majo ya yi masa allura kwana bakwai yana faɗa kamar zai dake mu. Kumburin ya saɓe, amma idon ya tafi. Baƙin ya koma fari-fari, ya shige ciki. Abin da ya rage wa Yaya a duniya shi ne rabin ido ɗaya. A cikin makonnin nan faɗuwar ma ta dawo sau biyu, don ya yi sakaci da ƙwaya.

Na ce masa, "Yaya, ba ka ga gwajin ba? Ba ka yarda da ni ba ne?"

Ya ce, "Na yarda. Tun a Yamai na gane, tun ba ka buɗe baki ba. Amma likitanka ya ce babu abin yi, wanga kuwa ya ce akwai." Ya gyara tsumman, sannan ya ƙara da cewa, "Ya ce yanar ta tsallaka ɗayan, shi ya sa ban ga sauyi ba. Shina dawowa bayan kaka ya ƙarasa."

Na yi masa magana da lallashi, na yi da faɗa, na sa Baba ya yi, na sa limamin gari ya yi. Ya saurari kowa yana gyaɗa kai, kuma kowa ya tashi ya san zai tafi. Mutum ne mai shekara kusan arba'in, ba za a ɗaure shi da igiya ba.

A zamanin nan abin da na fi ƙyama shi ne masu kai rahoto. Mun san su a lakwal, mun san su a tasha, in sun shigo sai hira ta koma ta ruwan sama. Na sha cewa gara in mutu da in zama irinsu. Da aka fara yankan gero na sa rigata mai kyau na tafi Mayahi, na zauna a bencin ofishin kumanda, mai mulkin yankin, tun safe har aka kira ni. Kumandan soja ne, bai ce in zauna ba. Na gaya masa akwai mai tsiyaye idanun talakawa a kasuwannin ƙasarsa, na faɗi kamanninsa da inda yake sauka. Ya rubuta, ya ce in tafi. Bayan mako biyu na ji jandarma sun kama mutumin a kasuwar Attantane, sun kwashe ƙarafansa, sun tsare shi kwanaki, sun raka shi har iyaka. An ce ya sha duka. Ban yi murna ba, ban kuma yi nadama ba, na dai ji kamar na yini ina dakan surfe.

Labarin bai kai garinmu ba kafin ranar da suka yi alkawari. Na je gida da ƙwayar wata, na tarar Yaya ya yi wanka ya sa riga, matarsa ta ƙi binsa wannan karon. Na ce ni zan raka shi. Ya juyo da kansa duka don ya dube ni, ya ce to.

Muka isa Kanan-Bakashe da hantsi. Ya san itacen da mutumin yake zama, wani bedi a bayan 'yan gishiri. Muka zauna. Kasuwar ba ta cika ba, hatsi kaɗan, dabbobi duk ƙashi. Wasu tsofaffi biyu su ma suna jira, ɗaya da tsohuwar matarsa tana riƙe masa sanda. Duk wanda ya gitta ta damansa sai Yaya ya ɗaga kai. Na sayo mana fura muka sha. Aka yi azahar, muka yi salla muka dawo. Tsofaffin suka gaji suka tafi. Ni ina zaune, na san ba mai zuwa, ban iya faɗa ba. Sai da aka yi la'asar, 'yan gishiri suka fara ɗaure kaya, sannan ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

Mun yi nisa a hanya, gonaki dama da hagu duk kara, ya ce, "Kai ne, ko?"

Na ce, "Ni ne."

"Wurin kumanda?"

Na ce e.

Ya yi tafiya kaɗan. Ina jiran zagi, har ma ina so ya zage ni. Muryarsa kuwa ko ɗagawa ba ta yi ba. Ya ce, "Na san gaskiyarka, Mushe. Da ya zo da ya kashe wanga ma, na sani. Amma tun da munka yi alkawarin nan, in na tashi da sahe, ranar kasuwag ga nike lissahi. Ka ɗauke ta, ka kyauta. To hwaɗa mini, daga gobe wace rana za ni jira?"

Idon daman ya zauna masa har ƙarshen ransa, shekara ashirin da wani abu, da rabinsa ya ga aurar da 'ya'yansa. Duk tsawon shekarun nan ina kai masa ƙwaya kowane wata, muna gaisawa, muna hira, wani lokaci har da dariya. Bai sake yi mini tambayar ba, ni kuma har aka kai shi makwancinsa ban samo ranar da zan faɗa masa ba.